Barazana Bashi Ce: Abin da Abuja Za Ta Koya Daga Murtala da Zangon Agege

A ranar 25 ga Nuwamban 1975 gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammed ta amince da gwamnatin MPLA a Angola, tana sane sarai cewa Amurka ba ta so. Shekara 50 ke nan cif a Nuwamban 2025. Sai zagayowar ranar ta zo daidai da wani matsin lamba daga Washington irin wanda Najeriya ta daɗe ba ta gani ba. A ranar 31 ga Oktoban 2025 Shugaba Donald Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, washegari kuma ya yi barazanar yanke tallafi da ɗaukar matakin soja bisa zargin kisan Kiristoci. Kwanaki kaɗan bayan haka ma'aikatar harkokin wajen Sin ta fito ta ce ba ta yarda wata ƙasa ta fake da addini ta tsoma baki a harkokin wata ba.

Tun daga lokacin hira a ofisoshin Abuja ta rabu gida biyu. Masu zafi na cewa lokaci ya yi da za a tono muryar Murtala, a mayar wa Amurka martani daidai da maganarta, in ta kama a koma ɓangaren Sin da Rasha. Masu sanyi na cewa faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa: a sunkuya, a lallaba, a ba da abin da aka nema har guguwar ta wuce. Kowane ɓangare yana kafa hujja da tarihi, kuma kowanne rabin tarihin ya karanta.

Idan aka karanta tarihin duka, abin da yake nunawa shi ne barazana bashi ce a hulɗar ƙasa da ƙasa. Wanda ya furta ta ya ɗaura wa kansa alkawarin biya ranar da wa'adi ya cika, kuma ba daga aljihun minista ko na hadimin da ya rubuta jawabin ake biya ba. Saboda haka kafin a yi gardama kan kaushin murya ko laushinta, akwai lissafin da ya riga ta: me ke cikin rumbu, wa zai ɗauki asarar, kuma ta wace ƙofa za a fita idan abokin karawa ya ƙi ja da baya.

Daga Isolo zuwa Agege

Legas ce ta fi dacewa da wannan lissafi. A can aka yanke shawarar 1975, a Barikin Dodan, lokacin tana babban birnin tarayya, kuma har yau a can ake fara jin raɗaɗin duk shawarar da ta shafi ƙasashen waje. Titin da ya taso daga Oshodi ya bi ta gefen Ajao Estate a Isolo yana ƙarewa ne a filin jirgin saman da ke ɗauke da sunan Murtala. Sabon ginin fasinjojin ƙasashen waje da aka buɗe a filin a Maris ɗin 2022 kamfanin CCECC na Sin ne ya gina shi, da rancen bankin Exim na Sin. Layin dogon Legas zuwa Ibadan da ke da tasha a Agege tun 2021 aikin kamfanin ne, akasarin kuɗin kuma na bankin ne. 'Yan canjin da ke zaune a kewayen filin jirgin kuwa, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, da dalar Amurka suke auna ranarsu. Shanun da ake yankawa a mahautar Oko-Oba ta Agege, wasunsu daga Nijar da Chadi suka fito. Cikin 'yan kilomitoci kaɗan, abincin mutane ya rataya ga Beijing da Washington da Yamai a lokaci guda. Duk wanda ya ce a zaɓi ɗaya a watsar da saura, ya kamata ya faɗi wanda zai kwana da yunwa a cikinsu.

Hausawan Agege sun fi ƙarni suna wannan lissafi. Fataucin goro ne ya kawo kakanninsu, layin dogon da ya haɗa Legas da Kano a farkon ƙarni na 20 ya ƙara su, cinikin shanu ya zaunar da su. Tsarin ciniki a zango kan magana ya ginu. Falke ya kawo dabbobinsa daga Arewa, maigida ya sauke shi, dillali ya haɗa shi da mahauci, mahauci ya ɗauka bashi, maigida ya tsaya lamuni. Babban makamin maigida shi ne ya ce wane ya ci amana, kada a ƙara ba shi ko akuya. Amma ba ya furta haka sai ya tabbata sauran masu gidaje za su bi bayansa, kuma shi kansa zai iya jure rashin cinikin. In ya faɗa, gobe aka ga mahaucin nan yana jan sa daga garken maƙwabci, to maganarsa ta mutu. Maganar kuwa ita ce jarinsa.

An ga wannan a fili a ƙarshen Fabrairun 2021. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta ƙasa ta dakatar da kai kaya Kudu, aka tare manyan motoci a Jebba. Cikin kwanaki farashin tumatir da attaruhu da nama ya tashi a Legas. To amma a ɗaya bakin hanyar tumatir da albasa suka yi kwantai a kasuwannin Arewa, farashi ya faɗi, manoman rani suka tafka asara. A Legas kuma 'yan dako da masu kiri da 'yan kasuwar Mile 12 suka zauna babu aiki a tsakiyar mutanen da ke jin haushinsu. Yajin bai wuce mako guda ba aka janye shi bayan zaman sulhu a Abuja. Ya jawo hankalin hukuma, kuma masu shi sun ajiye makamin kafin ya yanke hannunsu. Ƙasa mai matsakaicin ƙarfi a tsakanin manyan ƙasashe ba ta da nisa da wannan hali.

Balewa: mai sanyin da ya taɓa yin zafi

Masu zafi sukan kira zamanin Sa Abubakar Tafawa Balewa zamanin 'yan amshin shata. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Gwamnatinsa ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Birtaniya a 1960, sai da ɗalibai suka yi zanga-zanga har harabar majalisa a Legas, 'yan adawa suka matsa, sannan aka soke ta a Janairun 1962. Ta yi jinkirin barin Tarayyar Sobiyet ta buɗe ofishin jakadanci, da ta bari kuma ta ƙayyade yawan ma'aikatansa. Ba ta halarci taron farko na ƙasashen 'yan ba-ruwanmu a Belgrade a 1961 ba.

Amma wannan gwamnati mai sanyi ce ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, ta hana jiragen ruwa da na saman Faransa shigowa, saboda gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Aljeriya. Matakin ya burge nahiyar. Sai dai Faransa ba ta fasa gwajin ba. Maƙwabtan da kayansu ke bi ta tashoshin Najeriya suka fara kokawa, aka ɗage haramcin jiragen cikin watanni, hulɗar jakadanci kuma ta yi kusan shekara biyar a katse. Da yaƙin basasa ya ɓarke, gwamnatin Janar de Gaulle ta karkata ga Biyafara, makamai suka riƙa shiga ta Gabon da Kwaddibuwa. Faransa na da wasu dalilan nata, na man fetur da na rage girman Najeriya a tsakanin ƙasashen da ta rena, amma masana tarihi na lissafa fushin 1961 a cikinsu. Bashin ya zo da ruwa bayan shekara bakwai.

A Disambar 1965 kuma ministocin ƙungiyar OAU suka ba Birtaniya wa'adi: ko ta murƙushe gwamnatin tsirarun fararen fata ta Ian Smith a Rodeshiya kafin ranar 15 ga wata, ko ƙasashen Afirka su yanke hulɗa da ita. Ranar ta zo, ƙasashe tara ne kacal suka cika alkawari cikin fiye da 30. Balewa ya ƙi bin sahu, ya kira taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas a Janairun 1966. Taron bai tumɓuke Smith ba. Yanke hulɗar ma ba ta tumɓuke shi ba, ta dai koya wa London cewa wa'adin Afirka ba abin tsoro ba ne.

Amfanin barin ƙofa a buɗe ya bayyana a 1967. Amurka ta ƙi sayar wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon makamai, Birtaniya ta ƙi ba da jiragen yaƙi. Hulɗar nan da Mosko da aka ƙulla da ƙyar ita ta zama mafita, jiragen MiG suka sauka a Kano a Agustan shekarar. Ganin Sobiyet na samun gindin zama, sai London ta ƙara yawan makaman da take sayarwa. Gowon ya karɓi jiragen, bai karɓi aƙidar gurguzu ba, bai kuma rufe ofishin jakadancin kowa ba.

Abin da ke bayan muryar Murtala

Abin da aka fi tunawa game da Murtala shi ne jawabinsa na Adis Ababa a ranar 11 ga Janairun 1976, da yadda gwamnatinsa ta buga wasiƙar Shugaba Gerald Ford a jaridu tare da martani mai zafi. An riƙe muryar, an manta abin da ya tallafe ta.

Da farko Najeriya ba ta ɗauki ɓangare a Angola ba. Ra'ayinta shi ne MPLA ta Agostinho Neto da FNLA ta Holden Roberto da UNITA ta Jonas Savimbi su kafa gwamnatin haɗin kai bayan tafiyar Fotugal. Abin da ya sauya matsayin shi ne tabbacin cewa sojojin Afirka ta Kudu mai wariyar launin fata sun kutsa ƙasar tun Oktoban 1975 suna yaƙar MPLA. Daga nan batun ya zama guda ɗaya mai iyaka, wanda Musulmi da Kirista, ɗan Kano da ɗan Kalaba, ba su da saɓani a kansa. Shugaban da ya yi magana a Adis Ababa ya san gida na bayansa.

Rumbu kuma a cike yake. Farashin mai ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, Najeriya na haƙo kusan ganga miliyan 2 a kullum, tana kuma sahun gaba a masu sayar wa Amurka ɗanyen mai. Bashin waje bai taka kara ya karya ba. Gwamnati ta ba Luanda dala miliyan 20, ta aika wakilai manyan biranen Afirka suna neman goyon baya, Kanar Joe Garba na jagorantar ma'aikatar harkokin waje. Abokin karawar kuwa a raunane yake. Saigon ta faɗi a Afrilun 1975, badaƙalar Watergate ba ta daɗe da cin Nixon ba, kuma a ranar 19 ga Disambar 1975 Majalisar Dattawan Amurka ta kaɗa ƙuri'ar hana ci gaba da kashe kuɗi a yaƙin Angola. Ford ya rubuto wasiƙa ne bayan majalisarsa ta ɗaure masa hannu.

Duk da haka Murtala ya san inda zai tsaya. Bai yanke hulɗa da Amurka ba, bai hana ta mai ba, bai kuma shiga sansanin Sobiyet ba. Taron Adis Ababa ma kunnen doki aka yi, 22 da 22. Sai a ranar 11 ga Fabrairu OAU ta karɓi gwamnatin MPLA, kwana biyu kafin a kashe shi a Ikoyi.

Janar Olusegun Obasanjo da ya gaje shi ya ci gaba da haɗa zafi da sanyi. Gwamnatinsa ta ƙi karɓar Henry Kissinger a rangadinsa na Afirka a Afrilun 1976. Da Jimmy Carter ya hau mulki da sabon salo, Obasanjo ya je Washington a Oktoban 1977, Carter kuma ya sauka a filin jirgin Murtala a ƙarshen Maris ɗin 1978. A Yulin wannan shekara, a taron OAU na Kartum, Obasanjo ya gargaɗi Sobiyet da Kyuba kada su wuce lokacin da aka gayyace su a Afirka. A ƙarshen Yulin 1979 aka ƙwace hannun jarin kamfanin BP, ana gobe buɗe taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka, lokacin da gwamnatin Margaret Thatcher ke tunanin amincewa da gwamnatin jeka-na-yi-ka a Rodeshiya. Kamfani ɗaya aka taɓa, a ranar da aka zaɓa, kan buƙata ɗaya. Taron Lancaster House ya biyo baya, Zimbabwe ta sami 'yanci a Afrilun 1980.

Ko wannan nasara ba ta zo kyauta ba. Yaƙin Angola bai ƙare ba sai 2002, kuma Joe Garba da kansa ya koka daga baya cewa Luanda ba ta saka wa Najeriya da abin a zo a gani ba. Da kasuwar mai ta faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ci gaba da magana kan Namibiya da wariyar launin fata, amma gwamnatin Ronald Reagan ba ta ga dalilin saurare ba. Matsayin bai sauya ba, rumbun ne ya ragu.

Wa'adin kwana bakwai

Gwajin da ya fi kusa shi ne na Nijar. Sojoji sun kifar da Shugaba Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, suka ba da wa'adin mako guda, ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita. Manufar ba abar zargi ba ce: juyin mulki ya riga ya ci Mali da Gini da Burkina Faso, kuma masu cewa sai an taka birki suna da hujja.

Amma ba a yi lissafin zango ba. Sashe na 5 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a tura soja yaƙi a waje sai da amincewar Majalisar Dattawa, majalisar kuwa a ranar 5 ga Agusta ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu. Jihohi bakwai, daga Kebbi zuwa Borno, suna iyaka da Nijar, kuma mutanen Katsina da Maradi, ko na Illela da Birnin Konni, dangi ne na jini da aure. Mali da Burkina Faso suka ce taɓa Nijar taɓa su ne. Wa'adi ya cika ranar 6 ga Agusta, ba a ga ko motar soja ɗaya ta tsallaka ba. 'Yan Najeriyar da suka fara samun ganin Janar Abdourahamane Tiani su ne Muhammadu Sanusi II da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau, waɗanda ba su je da barazana ba.

Abin lura ga masu son kwaikwayon manyan ƙasashe shi ne Amurka kanta ta bi a hankali. Tana da sansanin jirage marasa matuƙa a Agadez, saboda haka ta aika Victoria Nuland Yamai, ta kuma ƙi kiran abin da ya faru juyin mulki sai a Oktoba. Da tawagarta ta sauya murya a Maris ɗin 2024, ta gargaɗi sojojin kan hulɗa da Rasha da Iran, cikin kwanaki Yamai ta soke yarjejeniyar soja. Masu horar da soja na Rasha suka sauka a Afrilu, sojojin Amurka suka gama ficewa a Satumba. Na Faransa sun riga su tun Disambar 2023.

A ɓangaren Najeriya, an ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a Maris, ba tare da an sami ko ɗaya daga cikin buƙatun ba. Bazoum ya cika shekara biyu a tsare. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, Nijar kuma ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi a Maris. A tsakanin nan wa ya biya? Direbobin da motocinsu suka yi makonni a Jibiya da Illela da Maigatari, marasa lafiyar asibitocin Nijar da wuta ta ɗauke musu, da fataken da ke kai dabbobi da albasa da wake kasuwannin Kudu.

Ba a ce ƙarfi ba ya aiki ba. Ya yi aiki a Gambiya a Janairun 2017. Yahya Jammeh ya faɗi zaɓe a idon duniya, sojojin Senegal na bakin iyaka, jiragen saman Najeriya na Dakar, jirgin ruwan yaƙinta na gaɓar teku, shugabannin Gini da Muritaniya kuma suka je da tayin mafita. Barazanar na da abin biya, ƙofar fita na buɗe, Jammeh ya hau jirgi ba a yi artabu ba. Bambancin Banjul da Yamai yana cikin shiri, murya iri ɗaya ce.

Rumbun yau

Wanda zai rubuta wa shugaba takardar shawara kan Amurka a yau, sai ya fara da duba rumbu. Amurka da a wani lokaci ke sayen fiye da ganga miliyan 1 a kullum daga Najeriya ta kai ga rashin sayen ko ganga ɗaya a Yulin 2014, saboda man da take haƙowa a gida. A wasu watannin 2025 ma ɗanyen man da ta sayar wa Najeriya, akasari don matatar Dangote, ya fi wanda ta saya. Makamin 1975 ya bar hannu. Jiragen Super Tucano 12 da rundunar sama ke aiki da su tun 2021 daga Amurka aka sayo su, kayan gyaransu can suke. Tankokin yaƙi da jirage marasa matuƙa an sayo wasu daga Sin, jirage masu saukar ungulu wasu na Rasha ne. Sin ce kan gaba a ƙasashen da ke bin Najeriya bashi, Bankin Duniya kuma na bin fiye da haka. Najeriya ta zama ƙasar haɗin gwiwa a BRICS a Janairun 2025, amma furucin goyon baya daga Beijing bai zama alkawarin kariya ba, kuma abin da ke faruwa a Mali ya isa ya nuna iyakar tsaron da Mosko ke sayarwa. Uwa uba, an kira jakadun ƙasar gida a Satumbar 2023, aka shafe fiye da shekara biyu babu cikakken jakada a Washington ko wani babban birni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan lissafi bai ba masu sanyi gaskiya duka ba. Lallamin da ba shi da iyaka shi ma bashi ne, sai dai a ɓoye ake cinsa, 'yan baya su biya. Ƙasar da ta saba cewa to ga kowace buƙata za a riƙa ƙara mata buƙatun, kuma ba daga Yamma kaɗai suke zuwa ba: a Janairun 2017, lokacin ziyarar ministan harkokin wajen Sin, aka umarci ofishin kasuwancin Taiwan ya tashi daga Abuja ya koma Legas. Idan neman sulhu da Washington ya kai ga yarda da sansanin sojan waje, ko da kai hari ba tare da iznin Najeriya da ikonta ba, ko da bayanin da ya raba 'yan ƙasa gida biyu bisa addini, to farashin ya wuce kima, kuma mazauna wurare irin su Agege da Idi-Araba da Sabon Garin Kano ne za su fara ɗanɗana shi.

Akwai misali na kusa na yadda ake cewa a'a ba tare da an ƙona gada ba. A Yulin 2025 Ministan Harkokin Waje Yusuf Maitama Tuggar ya bayyana cewa Najeriya ba za ta karɓi 'yan Venezuela da Amurka ke son korowa ba, yana cewa ƙasar na da matsalolinta. Buƙata ɗaya aka ƙi, da dalili, ba zagi, ba wa'adi. An ji jiki, domin a wannan watan Amurka ta taƙaita bizar 'yan Najeriya zuwa wata uku da shiga sau ɗaya, daga baya harajin kaya ya koma kashi 15 cikin 100, ko da yake Washington ta ba da wasu dalilan daban. Amma asara ce da ƙasa za ta iya ɗauka, kuma tattaunawa ba ta tsaya ba. Tura tawagar Malam Nuhu Ribadu zuwa Washington a Nuwamban 2025 na kan wannan turba, muddin tawagar ta tafi da jerin abin da za a iya bayarwa da abin da ba ya cikin ciniki.

Aikin masu rubuta takarda

Shugabanni ne ke karanta jawabi, amma daraktoci da manyan sakatarori da hadimai ne ke rubuta shi, kuma a teburinsu ne ake iya tare kuskure da araha. Duk takardar da ta ƙunshi wa'adi ko takunkumi ya kamata ta zo da shafi na biyu: abin da za a yi washegarin cikar wa'adi idan an ƙi bi, ko majalisa da gwamnonin jihohin da abin ya shafa sun sani, kuɗin da za a yi asara da waɗanda za su yi ta, da mafitar da aka bar wa ɗaya ɓangaren don ya ja baya ba tare da ya ji kunya ba. Duk takardar da ta ƙunshi sassauci ita ma ta faɗi abin da aka samu a madadinsa, da ranar da zai ƙare. Kafin a rufe iyaka, a ji ta bakin hukumar kwastan da ƙungiyoyin direbobi da sarakunan zango, domin su ne suka san abin da ke tafiya a kan hanya. Ma'aikacin da ya ga babu shafi na biyu ya yi shiru don kada ya ɓata wa oga rai ya sa hannu a bashin da ba shi zai biya ba.

Daga ƙarshe, babbar garkuwa a gida take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cikin Nuwamban 2025 kaɗai an sace ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, an kai hari coci a Eruku ta Jihar Kwara. Muddin ana kashe mutane a Binuwai da Filato da Zamfara da Borno ba a ga wanda aka hukunta ba, kowace babbar ƙasa za ta sami hujjar da za ta fake da ita, ta zo da barazana ko ta zo da tayin taimako mai ƙugiya. Murtala ya iya ɗaga murya ne domin ya san yawan gangar mai da ke bayansa da yawan 'yan ƙasar da ke tare da shi. Wanda ke son gadonsa ya fara da wannan ƙidaya, sannan ya zaɓi murya daidai da abin da ya tarar.